Jan ɗigo ko madubin hangen nesa: inda masu farautar manyan namun daji suke yin kuskure

Wani abokin cinikina a Agege, wanda kan je farauta Afirka ta Kudu idan kasuwa ta yi kyau, ya nuna min madubin da ya saya zai ɗaura wa bindiga. Yana ta yabonsa, wai yana kusanto da abu har ninki 24. Na ce, "Alhaji, naman da ka harba bara, daga nisan mita nawa ne?" Ya yi jim, ya ce bai kai 70 ba, kuma cikin duhuwa.

To, kuskuren da ya fi yawa ke nan: sayen ninki maimakon duba dajin da za a shiga. Madubi yana ƙara kusanto da abu, yana rage faɗin abin da kake gani. A ninki 24, abin da ke cikin madubinka a nisan mita 100 bai kai faɗin mita 2 ba. Idan ɓauna ta ɓullo daga sarƙaƙiya a mita 30, baƙin gashi kawai za ka gani ya cika madubin, ba ka san kafaɗa ba ne ko cinya. Ga rawar hannu, wadda ita ma ninkuwa take yi. A irin wannan wuri jan ɗigo, wato na'urar saiti mai nuna ɗigon haske ja a gilashi, ya fi amfani, domin ba ya kusanto da komai. Idanunka biyu a buɗe, ka ɗora ɗigon inda kake so, ka ja kunama. Wanda bai son rabuwa da madubi, sai ya nemi mai farawa daga ninki 1 zuwa 4 ko 6, ya riƙa yawo da shi a kan mafi ƙanƙanta. Naman da ke nesa zai ba ka lokacin murɗawa sama, na kusa kuwa ba zai jira ka rage ba.

Masu jan ɗigo su ma suna da nasu. Tun da kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fito da shi a 1975 ake yabon saurinsa, har wasu suka ɗauka ya isa ko'ina. Ɗigon nan yana da girma, ana auna shi da wani ma'auni da ake kira MOA, kuma MOA ɗaya yana rufe kusan santimita 3 a mita 100. Ɗigo mai MOA 4 ke nan zai rufe wajen santimita 12 a mita 100, a mita 200 kuma fiye da 23. Ya shafe maka duk inda zuciya da huhun barewa suke. Sai ka yi harbin kirdado, ka raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale, naman ma ya zama mushe. Idan fili ne fetal irin na Namibiya, inda nama ba ya bari a matso shi, ɗauki madubi mai ninki 3 zuwa 9. Idan jan ɗigon kake so, nemi mai MOA 2, kada kuma ka ƙure haskensa, don yana ƙara haske yana bajewa.

Kafin ka biya kuɗi, leƙa ciki da idonka. Masu lalurar ido da likitoci ke kira astigimatizim ba sa ganin ɗigo zagayayye, sai su gan shi kamar tauraro ko mai jela. Da yawa sun mayar da kaya lafiyayye suna cewa jabu ne. Ɗauki hoton ɗigon da wayarka: idan a hoto ya fito daidai, idonka ne ke buƙatar tabarau.

Sai shurin bindiga. Harsashi irin .375 H&H, wanda ke nan tun 1912 kuma aka fi sani wajen farautar ɓauna, yana tokaro mutum da ƙarfi. Idan ka ɗaura madubi dab da ido, bakinsa zai tsaga maka gira. A bar tazarar santimita 9 zuwa 10, a kuma gwada ta a kwance da durƙushe, domin kai ya fi matsawa gaba a kwance. Jan ɗigo ba shi da wannan matsala. Shurin ne kuma ke tona asirin kayan araha. Akwai waɗanda aka ƙera don bindigar wasa, a ido ba ka bambanta su da na gaske, amma harbi kaɗan saiti ya goce. Araha ba ta ado. Haka maɗaurin da ke riƙe madubin: mutum ya kashe kuɗi a madubi, ya yi ƙoro a maɗauri, ya zo yana zargin harsashi.

Da almuru da sanyin asuba, lokacin da nama ya fi fitowa, madubi mai kyau ya fi jan ɗigo nuna abu sarai. Raba faɗin gilashin gaba da ninki, ka sami faɗin hasken da ke isowa idonka: milimita 40 a ninki 9 ya ba da kusan milimita 4, a ninki 6 kusan 7. Shi ya sa idan duhu ya fara, rage ninki ake yi.

Duk wannan magana ta mai lasisi ce. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba izini, kuma wurare irin Yankari da Gashaka-Gumti ba a farauta a cikinsu.

Mu mazauna Legas muna da ƙarin abokin gaba, wato laima. Madubin da aka kulle cikin jakar fata tun farkon damina, za a buɗe a tarar funfuna ta yi saƙa a gilashi, ƙusoshi sun yi tsatsa. A ajiye shi a akwati mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi, a cire batirin jan ɗigo, a tafi da sabo a aljihu. Bayan doguwar tafiya kuma, kada a shiga daji sai an yi harbi uku a takarda an ga saiti bai motsa ba.