Yadda zaka zabi wukar da zata yi maka aikin gida da na daji, da yadda zaka dauke ta

'Yan uwa barkanmu da warhaka. Duk shekara in Babbar Sallah ta matso sai kaga mutane sun yi dafifi wajen masu saida wukake, kowa yana neman wadda tafi girma tafi kyalli, a yanka rago da ita a jefa ta bayan tukwane, badi war haka tsatsa ta cinye ta sai a sake sayen wata. Gaskiya abin yana damuna, don ni kusa da makera na taso, kuma tun ina karami nake bin kawuna gona da fadama, na ga da idona yadda wuka daya tak, in an zabe ta da kyau an kula da ita, take shekara ashirin a hannun mutum, har bakinta ya sirance saboda washi amma tana nan tana aiki.

Kafin ka fito da kudi ka fara tambayar kanka me kake yanka a rana. Yawancinmu igiya ne, bakin buhu, kwali, rake, mangwaro, kankana, tiyon ban ruwa, feren rogo ko dankali, gyaran asuwaki, wani lokaci yankan kaza. Kaga duk wannan babu wanda yake bukatar katuwar wuka mai tsawon kamu guda. Shawarata kullum ita ce wuka biyu: karama mai nadewa ta aljihu, da matsakaiciya mai kube wadda bata nadewa don gona da daji da fida. Sara kuwa aikin adda ne da gatari, kar ka dora wa wuka abin da ba nata ba, adda mai alamar kada dinnan ta kamfanin Martindale da manomanmu suka sani tun kaka da kakanni don haka aka yi ta.

Ta aljihu tukuna. Tsawon karfenta ya zama kamar inci 3, wato santimita 7 zuwa 9, ya isa ya raba kankana in ka zagaya da shi kuma baya cika maka aljihu. Abin da zaka fi dubawa shine yadda take tsayawa in an bude ta. Akwai masu sifirin kawai, akwai masu makulli da ke rike karfen kar ya rufe. Na taba sayen wata mai araha a tasha, kyakkyawa da ita, ina huda tiyo a fadama na danna da karfi kawai sai ta nade a kan dan yatsana manuni, jini har cikin kwamin albasa, tabon yana nan har yau. Tun daga ranar bana sayen wuka sai na bude ta na rike mariki na girgiza karfen hagu da dama, in naji yana kwal-kwal to na ajiye, sannan in danna bayanta a hankali a jikin benci (yatsuna a gefe, ba a hanyar bakin ba) in ga ko makullin zai saki. Araha bata ado, a wajen wuka ma har jini take fitarwa.

Cikin na waje wadanda suka yi suna akwai Opinel ta Faransa, tun 1890 ake yinta a yankin Savoie, marikin itace ne kawai da wani zobe da kake murzawa ya kulle karfen, zoben a 1955 suka kara shi. Mai lamba 8 ita ce daidai hannu, karfenta santimita 8.5, siriri ne, yana shiga albasa da nama sumul. Matsalarta daya, da damina itacen yana shan danshi ya kumbura sai ta ki buduwa, in haka ta faru ka buga karshen marikin a jikin wani abu mai tauri karfen zai dan leko ka ja shi. Sai Victorinox ta Suwizalan, jar nan mai alamar kuros, Karl Elsener ne ya kafa kamfanin a 1884. Ita ba makulli a yawancinsu, amma tana da almakashi, dan zarto, mabudin gwangwani da sukundireba, ga mai aikin ofis ko direba ko dalibi wallahi tafi kowace amfani, kuma ko wani ya ganta baya tsorata. Sai dai jabunta sun cika kasuwa. Ta gaske in ka rufe ta zaka ji ta ce tas, kayan cikinta a jere suke ba gibi, ta jabu kuwa almakashinta ko zare baya yankawa. Ba ina cewa duk kayan Chana banza bane, akwai masu kyau sosai, wanda ya saci sunan wani ya manna ne bana yarda dashi.

Yanzu wadda bata nadewa, kuma nan ne nafi son in dade. Tsawon inci 4 zuwa 5 ya wadatar, kaurin karfen kamar milimita 2 zuwa 3. Ka duba yadda karfen ya shiga mariki, wadda tafi karko ita ce wadda karfen ya ratsa har karshen mariki aka dafe shi da kusoshi, zaka ga karfen a tsakanin itacen biyu. Wadda aka soka dan guntun wutsiya kawai aka lika da roba, wata rana kana cikin aiki zaka ga mariki a hannunka karfe a kasa. Ka rike ta ka dunkule hannu, in tana cizon tafin hannunka a shago to a gona kanta zata yi maka. Ka tuna kuma hannun da ya jike da jini da kitse santsi gare shi, don haka mariki mai dan kaushi da dan tudu a gaba wanda zai hana yatsa zamewa kan kaifi yafi mai sheki. In zaka rika fida ka nemi mai dan ciki, wato bakinta ya lankwasa zuwa sama, mai tsini sosai huda fata take kuma duk mai sayen fata ya ga huji sai ya rage kudi. Masu hakora irin na zarto a baya da ramuka da zanen kwarangwal, wadannan na kallo ne, ka bar su.

A na waje Mora ta kasar Suwidin bata da tsada in aka kwatanta da sauran, sunan garin da ake kera ta ne ma, karfenta wajen santimita 10, kuben roba, kuma washinta sauki gare shi don gefen bakin fadi ne, kwantar dashi kawai zaka yi a kan dutse. Karfenta bai kai karshen mariki ba amma a yanka da fere bata da matsala ko kadan.

Amma fa kar ka raina makeranmu. Makeri mai kirki da ya samu sifirin mota, wannan karfen mai falle-falle na kasan babbar mota, zai kera maka wukar da zata kai ka tsufa, a kudin da bai kai rabin na waje ba. Sirrin yana wajen kona karfen ya yi ja a tsoma shi a ruwa ko bakin mai sannan a dan sake dumama shi, in ya yi tauri da yawa sai bakin ya rika balgacewa, in bai yi ba sai ya rika lankwashewa. Yadda kawu yake gwadawa, yakan dauki magagari ya goga a bakin, in magagarin ya ci karfen cikin sauki kamar sabulu sai ya girgiza kai ya mayar, in yaji yana dan zamewa yana kara siririya sai ya fara ciniki. Kuma ka gaya wa makerin aikin da zaka yi da ita, kar ka dauki wadda ke shimfide a kasa kawai, ka bashi kwana biyu ya yi maka taka. Daga nan ka wuce wajen dukawa su dinka mata kube daidai jikinta, wanda in ka kifa shi wukar bata fadowa, a sa fata mai kauri ta wajen bakin don kar ta yanke dinkin.

Maganar karfe iri biyu ce a takaice. Akwai bakin karfe irin na makera, yana saurin yin kaifi, yana da dadin washi, amma yana tsatsa, ka yanka lemon tsami ka bar shi minti goma zaka ga ya canza kala. Wannan duhun ba komai bane, jar tsatsa ce abin gudu. Akwai kuma wanda baya tsatsa da wuri, wanda aka hada da sinadarin kuromiyam akalla kashi 10.5 cikin dari. In kai masunci ne ko mai aikin fadama ko ka san ba zaka iya goge wuka kullum ba, dauki mara tsatsa ka huta. In kuwa bakin karfe ka zaba, ka wanke ka goge ta bushe karau, ka shafa dan man gyada ko man kade in ta abinci ce, kuma da damina kar ka barta ta kwana watanni cikin kuben fata, fata tana rike danshi. In tsatsa ta fara, toka da dan tsumma mai laima ko sanfefa mai laushi ya isa.

Washi kuma, don Allah a daina goga wuka a bakin siminti ko a kai wa mai inji ya rika cin ta tartsatsi na tashi har bakin ya yi shudi. In ya yi shudi to ya kone, taurin ya tafi, ba zata kara rike kaifi kamar da ba. Ka samu dutsen washi mai fuska biyu, ka jika shi. Ka tsayar da wukar cak a kan dutsen, ka kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin wancan, to wajen nan ne, kusan digiri 20. Ka rika turawa kamar zaka yanko siririn yanki daga dutsen, daga gindi zuwa tsini, kar hannunka ya rika sama da kasa, har sai ka shafa daya gefen da farce kaji wani dan kaushi siriri ya fito a duk tsawon bakin. Sai ka juya ka yi wa daya gefen haka, ka koma fuska mai laushi, ka karasa da ja da baya a kan tsohon bel na fata. In ta yanka takarda ba tare da ta yage ba ko ta shiga tumatir ba danni, ta yi. A tafiya in ba dutse, gindin kofin tangaran wajen da ba sheki yana taimakawa. Dakusasshiyar wuka ita tafi yanka mai ita, don sai ka danna da karfi sai ta zame. Ga kuma dabba, Annabi (SAW) ya yi umarni a kyautata yanka, mutum ya wasa wukarsa ya hutar da abin yankansa, don haka tun ana jibi Sallah ka yi washinka, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a gaban ragon ba.

Daukarta kuma, nan sai an yi hankali sosai. Mun san halin da ake ciki na fadan daba da kwacen waya a garuruwanmu, mun rasa yara da yawa ta dalilin wuka, shi yasa jami'an tsaro in sun ga wuka a kugun matashi cikin gari ba zasu tsaya jin labarin fadama ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wukar kube wajenta gona, daji, mahauta da cikin gida. In zaka wuce da ita ta gari ka nade ta ka sa a kasan jaka tare da sauran kayan aiki, ba a kugu ba, ba a karkashin riga ba. Taron siyasa, hawan Sallah, gidan biki, makaranta, banki, gidan kallon kwallo, ko ta aljihun ma ka barta a gida. Kuma wanda yace yana rike wuka don kare kansa ina rokonsa ya sake tunani, karamar cacar baki da zata kare da Allah ya baka hakuri, in akwai wuka a jiki sai ta kare a asibiti ko makabarta da gidan yari. In kasan kana da saurin fushi, kai ba mai daukar wuka bane, magana ta gaskiya kenan.

Masu hawa jirgi, wuka bata shiga jakar hannu, cikin babbar jakar da ake aunawa ake sa ta, in ba haka ba a wajen bincike zaka barta. Kowace kasa kuma da dokarta, a Ingila misali mai nadewa mara makulli da bata wuce inci 3 ba ita kadai ake yawo da ita ba tare da dalili ba, kaga ko Opinel mai zoben nan bata shiga ciki.

A kan babur kar ka kuskura ka soke wuka a kugu ko da kube, faduwa daya ce ta shige cinya, daure ta a jikin kaya. Ta aljihu kuma ka bata aljihunta ita kadai, ba tare da makullai da waya ba, ka rika busa kurar da ke shiga gabarta ka diga mata man keke kadan. In kana yanka ka tura waje, ba wajen cikinka ko cinyarka ba, ka duba ba yaro a kusa. In zaka mika wa wani ka juya masa mariki ka jira sai ya rike sosai. In ta subuce maka ka ja kafa baya ka barta ta fadi, kar ka cafe. In kuma ta yanke ka, musamman a gona inda akwai kasa da taki, ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka danne da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, kar ka zuba kasa ko bakin mai, ka je asibiti a duba ko sai an dinke a kuma yi maka allurar tetanus.