Yadda zaka zaɓi makarantar PhD a Ekonomiks in burinka IMF ne ko Bankin Duniya

Ƙannena da ke tambayata wace jami'a ce tafi, ni dai amsata ɗaya ce kullum, ka fara faɗa min wace ƙofa kake son shiga tukuna. Don IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, daban, Bankin Duniya daban, ko da yake duka a Washinton suke, titi ɗaya ne ma ya raba su, kuma duka daga taron Bretton Woods na 1944 suka samo asali. Su IMF harkarsu makro ce, wato tattalin arziƙin ƙasa gaba ɗaya, bashin ƙasa, kasafin kuɗi, canjin kuɗi, hauhawar farashi, manufofin babban banki. Bankin Duniya kuwa yafi jan masu binciken talauci, noma, ilimi, lafiya, irin mutanen da ke shiga ƙauye su tattaro bayanai gida-gida. In ka shiga sashen da duk manyan farfesoshinsa masu tiyori ne zalla alhali kai IMF kake hange, to ka wahalar da kanka tun kafin a fara.

Abin da mutanenmu suka fi sakaci dashi kuma shine shekaru, wallahi wannan yana min ciwo. Babbar ƙofar shiga IMF ga sabon dakta itace shirinsu na Economist Program, shekara 3 ne, ana kaika sashe biyu, wata 18 kowanne, kuma sharaɗin shine kada ka kai shekara 34 lokacin shiga. To zauna kayi lissafi. PhD a Amurka yanzu shekara 5 zuwa 6 yake ci. Kai kuma ga yajin aiki ya cinye maka shekara, ga bautar ƙasa, ga masta, ga ɗan aikin da ka taɓa don ka tara kuɗin fom, kafin ka farga kana da 29 ko 30. In haka ne Turai zata fi maka, inda mai masta mai ƙarfi kan iya gamawa cikin shekara 4 ko kusa da haka. In kuma shekarun sun riga sun wuce ba shikenan ba, suna ɗaukar gogaggu daga baya, musamman wanda yayi aiki a babban banki ko ma'aikatar kuɗi, amma waccan hanya ce daban kuma tafi tsawo. Shirin matasan ma'aikata na Bankin Duniya da na Bankin Raya Afirka da ke Abijan da na Bankin Musulunci da ke Jidda kowanne da nasa sharuɗɗan, ka buɗe shafinsu ka karanta na shekarar da zaka nema, kar ka dogara da abin da wani ya faɗa maka a guruf.

Yanzu ga aikin da nake so kayi da hannunka. Duk sashen Ekonomiks na kirki yana da shafi da suke kira placement, inda suke jera ɗalibansu da suka gama da wurin da kowa ya samu aiki. Ka buɗe na shekara 5 zuwa 7 da suka wuce ka ƙirga da biro, nawa suka tafi IMF, nawa Bankin Duniya, nawa manyan bankunan ƙasashe. Wannan ƙirgen yafi min duk wani jadawalin "jami'o'i 100 da suka fi" amfani, don jadawalin na auna sunan jami'a ne gaba ɗaya, kai kuma sashe ɗaya zaka zauna, ƙarƙashin mutum biyu ko uku. Zaka ga abin mamaki, Maryland da Johns Hopkins da Georgetown da George Washington, waɗanda ke cikin Washinton ko kusa da ita, ɗalibansu na yawan shiga waɗannan hukumomi, don ma'aikatan na zuwa seminarsu, su ma ɗaliban na samun shiga can. A Turai akwai London School of Economics (LSE) da Oxford mai cibiyar nazarin tattalin arziƙin Afirka, akwai Paris da Tulus da Basalona, akwai Graduate Institute na Janiba wanda dama harkar ƙasa da ƙasa yasa gaba. Sashen da ya ɓoye wannan shafi ko ya daina sabunta shi, ni dai bana natsuwa dashi.

'Yan uwanmu na Nijar ku kuna da wani jari da ba kowa ke dashi ba, Faransanci. Cibiyar bincike ta CERDI da ke Clermont-Ferrand a Faransa ta daɗe tana horar da 'yan Afirka masu Faransanci a tattalin arziƙin ci gaba, kuma tsofaffin ɗalibanta na nan da yawa a IMF da Bankin Duniya. Sai dai ku dage da Turanci, da shi za'a yi intabiyu, da shi za'a karanta bincikenku.

Sai maganar sufabaiza. Shekarar ƙarshe zaka shiga abin da suke kira kasuwar aiki da takardar bincike guda ɗaya, wadda tafi kowacce ƙarfi a aikinka, da wasiƙun shaida yawanci 3 daga malamanka. Shi yasa kar kaje wuri don farfesa ɗaya tak, in ya koma wata jami'a ko yayi ritaya ka zama maraya. Ka nemi inda akwai aƙalla mutum uku a fanninka, sannan ka tura wa ɗalibansu na yanzu imel ka tambaye su kai tsaye, malam yana karanta aiki kuwa? wata nawa yake ɗauka kafin ya amsa? Ɗalibai basa ɓoye irin wannan.

Kuɗi kuwa maganar gajeriya ce. PhD ɗin kirki a wannan fanni su ke biyanka, su yafe kuɗin makaranta su baka alawus. Kar ka sayar da gonar gado don wannan. Ka dai tambaya alawus ɗin shekara nawa ne a rubuce, ya kai shekara ta 5 da ta 6, kuma zai riƙe ka da iyali a garin?

Wani abu da ake mantawa, fasfo. OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziƙi da ci gaba da ke Paris, galibi 'yan ƙasashen da ke cikinta take ɗauka, Babban Bankin Turai da ke Farankfot shima sai 'yan Tarayyar Turai, Najeriya da Nijar da Gana kuwa basa ciki. Don haka in kaga sashe na alfahari da tura ɗalibai can, ka cire waɗannan daga ƙirgenka.

Kuma ba sai Harvard ba. Ngozi Okonjo-Iweala a MIT tayi nata a 1981, gaskiya ne, amma Akinwumi Adesina a Purdue yayi, a tattalin arziƙin noma, ya shugabanci Bankin Raya Afirka shekara 10. Mansur Muhtar daga ABU Zariya ya fito, yayi dakta a Sussex, yayi aiki a Bankin Duniya kafin ya zama ministan kuɗi a 2008.

In lissafinka bai yi ƙarfi ba tukuna, darussan shekarar farko na PhD, mikro da makro da ekonometriks, masu cike da lissafi, zasu baka wuya sosai, gara ka fara da masta mai nauyi, ko ka leƙa African School of Economics da Leonard Wantchekon ya kafa a Jamhuriyar Benin, ko shirin haɗin gwiwar jami'o'i na AERC, ƙungiyar binciken tattalin arziƙin Afirka da ke Nairobi, wanda Jami'ar Ibadan ke ciki. In ka samu shiga kuma, tun daga shekara ta 3 ka fara neman aikin koyon sana'a na bazara a IMF ɗin, sati 10 zuwa 12 ne, ɗaliban PhD dama ake nema, kuma tun da sanyi ake rufe fom.