Yadda za ka ziyarci Masallacin Kurɗuba da Fadar Alhambra ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji an ce Imam Ƙurɗubi, to garin nan ne dai, yana kudancin Sifaniya, yanzu Cordoba suke ce masa. Shi da Garnaɗa (Granada), inda Fadar Alhambra take, su ne wurare biyu da in ka samu bizar Shengen bai kamata ka dawo gida ba ka taka su ba, kwana uku ya isa in ka tsara.

Abu na farko, tun kana gida ka sayi tikitin Alhambra, kar ka ce sai ka je. A shafin hukumar da ke kula da fadar ake saye, da sunanka da lambar fasfo, kuma lokacin hutu yakan ƙare makonni kafin ranar. Ka tabbata wanda ka saya ya haɗa da Palacios Nazaries, wato fadojin sarakunan Banu Nasr, don akwai mai araha na lambuna kawai, mutum ya ga sauƙi ya danna, ya je can a ce masa malam nan ba naka ba ne. A jikin tikitin akwai lokacin shiga fadojin kuma ba sa wasa da shi, a gabana aka mayar da wani mutum da iyalinsa saboda sun makara, ya yi magiya har ya gaji mai gadi ko a jikinsa. Ranar kuma ka riƙe fasfonka na ainihi a aljihu.

Ni shawarata ka fara da Kurɗuba, don ita ce yaya. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu, AVE, bai cika awa biyu ba. Abdurrahman na ɗaya ne ya fara gina masallacin a 785, waɗanda suka biyo baya suka yi ta ƙarawa har zuwa zamanin Almansur. Ka je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Kana shiga daga farfajiyar bishiyoyin lemo ka tsaya tukun idonka ya saba da duhun, sai ka ga ginshiƙai sama da 850 jere kamar kurmin dabino, kowanne da bakan gizo hawa biyu, ja da fari. Jan bulo ne, farin dutse. Dalilin hawa biyun kuwa, ginshiƙan tsofaffi ne da aka kwaso daga gine-ginen Rumawa, gajeru ne, sai maginan suka ɗora wani baka kan wani don rufin ya yi sama. Daga nan ka miƙe kai tsaye zuwa mihrabin da Alhakam na biyu ya gina bayan 961, ado ne na ƙananan gilasai masu ruwan zinare da ayoyi a rubutun kufi, kuma in ka duba kamfas ɗin wayarka za ka ga kudu yake kallo, ba saitin alƙiblar da manhaja ke nuna maka ba.

To ga inda mutanenmu ke shiga matsala. Tun 1236 da sarkin Kirista Fernando na uku ya ci garin wurin ya koma coci, a 1523 ma aka fara gina katafaren cocin a tsakiyar masallacin, har yau kuma ana ibadar Kirista a ciki. Ba a yarda ka yi salla ba, ko nafila raka'a biyu, masu gadi za su tsayar da kai. Zuciya za ta sosu wallahi, amma ka yi sallarka a masauki ka zo. Cocin ma ka shiga ka kalla, kujerun mawaƙan da aka sassaƙa da katako aiki ne na gaske, ko da yake ni gani nake kamar an kafa rumfar kwano a tsakiyar soro.

Garnaɗa kuma sai ka ba ta yini guda cur. Takalmi mai daɗi, gorar ruwa, don daga dandalin Plaza Nueva zuwa Alhambra hawa ne sosai, in gwiwa ba ta da ƙarfi akwai ƙananan bas ja da ke kaiwa har ƙofa. Muhammad ɗan Al'ahmar ya fara ginin a 1238. Cikin fadojin kar ka bi ayarin masu ɗaukar hoto suna gudu, kai da ka yi makarantar allo kana da abin da yawancinsu ba su da shi, za ka iya karanta bangon. "Wa la galiba illallah" za ka yi ta gani ko'ina, a sama, a ƙasa, a gefen taga. A farfajiyar zakuna ka ƙirga su, 12 ne ɗauke da kwanon ruwa, ginshiƙan marmara 124, aikin Muhammad na biyar. Ka shiga ɗakin gefe ka ɗaga kai, rufin kamar saƙar zuma, kuma duk farar ƙasa ce irin ta filasta. Ruwan da kake jin ƙararsa daga kogin Darro aka janyo shi ta magudana, babu injin ko ɗaya a lokacin.

Fadar Sarki Carlos na biyar tana nan manne, an fara ta 1527, waje murabba'i ciki da'ira, minti goma ya ishe ta. Lambun Generalife shi ya fi cancantar sauran ƙarfinka.

Da yamma ka haura unguwar Albaicin zuwa dandalin San Nicolas, daga nan ne za ka ga dalilin sunan Alhambra, wato Alhamra'u, ja, rana na faɗuwa bangon ya yi ja wur, duwatsun Sierra Nevada a bayansa. Dab da wurin akwai masallacin da aka buɗe a 2003, sai ka yi magariba a nan hankali kwance. Abinci kuma ka sauko layin Caldereria Nueva wajen 'yan Maroko, don a sauran gidajen abinci naman alade har cikin miya da biskit ake sa shi, in ka ga "jamon" ko "manteca" a takarda ka tsallake. Kuma don Allah kar ka zo a Yuli ko Agusta, zafin Kurɗuba yakan wuce digiri 40, na Sakkwato ne sak, Afrilu ko Oktoba ya fi.