An damƙa maka guduma? Ga yadda ake riƙe zauren majalisa kada ya koma kasuwa

Toh, ko majalisar ɗalibai ce aka zaɓe ka kakaki, ko ta matasa, ko majalisar kansiloli a ƙaramar hukuma, aikin ɗaya ne da na waɗanda muke kallo a talabijin daga Abuja, girman zaure ne kawai ya bambanta. Kuma abin da ke kayar da sabon kakaki kusan kullum shi ne bai karanta littafin dokokin zauren ba, ya ɗauka buga guduma da ƙarfi shi ne aikin.

Fara da littafin nan. Sashe na 60 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar dattawa da ta wakilai ikon tsara yadda za su tafiyar da zamansu, daga nan ne kowacce ta fitar da nata littafin. Ku ma ku rubuta naku ko da shafi biyar ne, a raba wa kowa, kai kuma ka haddace shi har lambobinsa, saboda ranar da wani gogaggen mamba ya miƙe ya kawo maka lambar doka kana ta lalube a takarda, wallahi ranar ka rasa zauren.

Kafin a buɗe zama ka sa akawu ya ƙirga mutane. A majalisar tarayya kashi ɗaya cikin uku ake buƙata, wato mutum 120 cikin 360 a ta wakilai, 37 cikin 109 a ta dattawa. In ba a cika ba kar ka ce ai mu fara sa zo, duk abin da aka zartar wani zai iya tada shi gobe. Sandar majalisa ma ta kasance a mazauninta. Ranar 18 ga Afrilu 2018 da wasu suka kutsa zauren dattawa suka arce da sandar, Ike Ekweremadu, mataimakin shugaban majalisar a lokacin, shi ne a kan kujera, sai da aka kawo wata sannan aka ci gaba da zama.

Yanzu muhawarar kanta, inda ake yin ta. Ba mai magana sai wanda ka kira, kuma in ya tashi da kai yake magana ba da abokin hamayyarsa ba. Wannan ƴar ƙa'idar da ake rainawa ita ce ke kashe rabin faɗa, don mutum in yana kallon kujera yana cewa "mai girma kakaki" da wuya ya zarce zuwa zagi, amma da zarar ka bari ya juya ya nuna wani da yatsa yana "kai", to shikenan. Ka riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu goyon baya da masu adawa, ka yanka lokaci, minti uku ko biyar, agogo a gabanka. Abokinka in ya wuce lokaci shi za ka fara katsewa, kowa na kallon yadda za ka yi da shi ne.

Sai batun foyin of oda, wato mamba ya ja hankalinka cewa an karya dokar zaure, wanda wasu suka mayar hanyar tsallake layi. Duk wanda ya ɗaga, mai magana ya zauna, kai kuma tambayarka ɗaya ce: wace doka aka karya? In ya kawo lamba ka duba ka yanke hukunci nan take, an karɓa ko ba a karɓa ba. In ya fara dogon jawabi ka zaunar da shi. Kuma bayan ka yanke ba a sake jayayya a wurin, mai ƙorafi ya kawo ƙuduri a rubuce.

Hukunci kuwa hawa-hawa ne. Jan kunne tukuna, sai ka nemi ya janye kalmar, in ya ƙi ya fita daga zaman ranar, sajan majalisa ya raka shi. A Ingila haka kakakin majalisa John Bercow ya yi wa ɗan majalisa Dennis Skinner a 2016 da ya ƙi janye laƙabin da ya jefi firaministan lokacin David Cameron da shi, wuni ɗaya kawai, washegari an wuce wurin. Ni dai dakatarwar watanni ba ta burge ni, mazaɓar mutum ce ke zama ba wakili. An dakatar da Sanata Ali Ndume wata shida a 2017, kotu ta ce ba a yi daidai ba.

In zaure ya hargitse gaba ɗaya kar ka shiga gasar ihu da su. Ka miƙe tsaye, a al'adar majalisa in kakaki ya tashi kowa zama yake. Bai yi ba? Ka ɗage zama na minti goma sha biyar, ka kira shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye da bulaliyar majalisa ofis a sasanta a can.

Wajen ƙuri'a ka karanta tambayar sarai, masu e su ce e, masu a'a su ce a'a. In muryoyin sun yi kusa ko wani ya ƙalubalanci abin da kunnenka ya ji, kar ka buga guduma ka wuce, a ƙirga ɗaya bayan ɗaya akawu ya rubuta. Kai ba ka jefa taka sai in an yi kunnen doki.