Kurakuran da aka fi yi wajen bincike kan wuraren gwamnati da aka killace

Mutum zai buɗe Google Earth, ya hango gini a cikin sansanin soja, ya ɗauka hoton na jiya ne. Abin da ke allon haɗe-haɗen hotuna ne na lokuta daban-daban, wani ma ya shekara biyar. Ka fara duba kwanan watan da ke ƙasan allo, sannan ka buɗe tsofaffin hotunan wurin ka jera su.

Wasu kuma suna neman abin da hoton ba zai iya nunawa ba. Hoton tauraron ɗan adam na Turai mai suna Sentinel-2 kyauta ne, yana komawa kan wuri kusan duk kwana 5, amma ɗigo ɗaya a hotonsa mita 10 ne, ƙaramar mota ba za ta fito ba komai zuƙowarka. Amfaninsa shi ne gano watan da aka fara share fili. Siffar gini kuwa sai irin tauraron WorldView-3, mai ɗigo kusan santimita 30.

Wanda ya fi damuna shi ne yanke hukunci kan abin da ake yi a cikin gini alhali rufinsa kawai aka gani. A ranar 5 ga Fabrairu 2003, Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya nuna wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya hotunan ma'ajiyar makamai ta Taji a Iraƙi, ya ce motocin da ke wurin alamar makamai masu guba ne. Hans Blix, shugaban masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya a Iraƙi, ya amsa cewa zirga-zirgar tana iya zama ta yau da kullum, kuma ba a sami makaman ba. Idan ƙwararrun gwamnati sun yi wannan tuntuɓe, ina ga mai kwamfuta ɗaya a ɗaki? Rubuta abin da idonka ya gani daban: tsawon gini, shinge nawa ne, ina hanya ta nufa, yaya inuwa ta faɗi. Hasashenka kuma ka kira shi hasashe.

Hoto mai dishi-dishi ba kullum ɓoye wani abu yake nufi ba. Wani lokaci doka ce, kamar ta Kyl-Bingaman ta 1997 da ta hana kamfanonin Amurka sayar da hotunan Isra'ila masu kaifi, har aka sassauta ta a 2020. Wani lokaci hazo ne kawai. Gwada hoton wani kamfani kafin ka yi magana.

A ɓangaren takardu, mutane na rubuta wa hukuma cewa a ba su duk abin da ke akwai kan wuri kaza. Irin wannan buƙata a ajiye take ƙarewa, ko a ce ba za a tabbatar ba kuma ba za a musanta ba. Faɗi sunan shirin, da shekarun, da irin takardar. A 2013 hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta ambaci Area 51, wani sansanin soja na sirri a Amurka, a fili cikin tarihin jirgin leƙen asiri na U-2, wanda aka nema ta dokar 'yancin samun bayanai ta Amurka, FOIA. Kafin ka rubuta ma, duba abin da aka riga aka saki: hotunan taurarin leƙen asirin Amurka na CORONA na 1960 zuwa 1972 suna shafin EarthExplorer, kuma kasafin kuɗi da tallan kwangila kan faɗi abin da rufi ya ɓoye.

Kada ka je bakin shingen don tabbatarwa, kada kuma ka tura jirgi marar matuƙi. A ƙasashe da yawa wannan laifi ne da ke kai mutum gidan yari.