Kafin ka kama hayar gida mai "wuta da ruwa a ciki" a Sakkwato

Shekara biyu na yi a wani ciki da falo a Arkilla, irin gidan da ake ce maka kuɗin wuta da na ruwa duk suna cikin haya. Ranar da dillali ya kai ni, cikin Janairu ne, ana hunturu. Ya murɗa famfo ruwa ya zubo, ya ce, "Malam, gidan ga ruwa bai yankewa." Na biya na shekara. Sai da Afrilu ta shigo, zafi ya haura digiri 40, na gane ban tambayi komai ba.

Fara da ruwa, don shi ne zai fi wahalar da kai. Yawancin sababbin gidajen Arkilla, Dambuwa, Bado da Kalambaina da rijiyar burtsatse suke dogara. To, tambayi abin da ke tayar da sumo, wato injin da ke cikin rijiyar mai turo ruwa zuwa tanki. In wutar NEPA ce kaɗai, duk ranar da aka ɗauke wuta an ɗauke ruwa ke nan. In da sola, ka ga faifan da idonka. Sannan ka ɗaga kai ka ƙirga tankuna, ka ƙirga ƙofofin 'yan haya. Mu takwas ne a kan tanki ɗaya mai lita 2,000, kuma ɗakina ne na ƙarshe a layin bututu. Kafin maiɗakina ta tara bokiti biyu, famfo ya fara tari. Je ka murɗa na ɗakin da za a ba ka, da azahar, ba na tsakar gida ba.

Da sumo ya ƙone, sati uku muna sayen kura daga 'yan ga-ruwa. Mai gida ya ce shi ruwan rijiya ya yi alkawari, na kura ba ya ciki. A takarda kuwa gaskiyarsa ce.

Wuta kuma, kamfanin Kaduna Electric ne ke ba Sakkwato, kuma layukan aji-aji ne: Band A awa 20 a rana, B 16, C 12. Tun Afrilun 2024 da aka tsawwala kuɗin Band A, mai gidan da ke sa wa mita kati daga aljihunsa ba zai zuba maka ido ka kwana da esi a kunne ba. Don haka ka ji tun yanzu: firiza fa? Dutsen guga? Hita lokacin sanyi? Kati na nawa yake sawa a wata, kuma in ya ƙare ranar 20, wa zai ciko? Ni na fi son ƙaramar mita a ƙofata in biya abin da na sha, ko da hayar za ta ɗan ragu kaɗan kawai. Rigimar "wa ya shanye wuta" tana ɓata maƙwabtaka fiye da faɗan yara.

Amsar gaskiya ba a bakin dillali take ba, shi la'adarsa yake jira. Koma kai kaɗai bayan la'asar, ka yi salla a masallacin layin, ka gaisa da wanda ke haya a gidan. Mai shayin bakin titi ma ya san yaushe rabonsu da wuta.

Shara, maigadi, kwashe masai: tambaya ɗaya ta isa, wa ke biya? Ka lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa wurin aikinka kullum, don arhar bayan gari a nan take zurarewa.

A takardar yarjejeniya, kada a tsaya ga "wuta da ruwa". A rubuta kayan wutar da aka yarda ka kunna, kwana nawa za a ɗauka a gyara sumo, da cewa in ya wuce haka za a cire kuɗin ga-ruwa daga hayar baɗi. Shaidu biyu su sa hannu, ka ɗauki hoton lambar mita a wayarka ranar da ka tare.