Kurakuran da ake tafkawa in an je Bodh Gaya, da yadda za ka kauce musu

Mutanenmu da ke zuwa Indiya karatu ko jinya ko saro kaya, wani lokaci in an samu ɗan sarari sai a ce bari a leƙa wuraren tarihi. Toh in Bodh Gaya ka zaɓa, akwai abubuwan da gara ka sani tun kafin ka yanki tikiti. Garin yana jihar Bihar, a nan ne mabiya addinin Buddha suka yi imani Siddhartha Gautama ya zauna gindin wata bishiya har ya kai matsayin da ya sa ake ce masa Buddha, a wajensu duk duniya babu wurin da ya kai nan daraja. Yawancin kurakuran ma daga nan suke farowa, mutum ya zo da tunanin gidan tarihi ne na ɗaukar hoto alhali wurin ibada ne da ake ciki tun asuba har dare.

Farko dai Gaya daban Bodh Gaya daban (kuma ba Gayar Kano ba, balle ta Nijar). Jirgin ƙasa a tashar Gaya yake sauke ka, daga nan akwai tafiyar kilomita goma sha wani abu a adaidaita sahu. Mutane kan kama otal kusa da tasha suna zaton sun iso, sai kullum su yi ta zirga-zirga a banza. Kama ɗaki a Bodh Gaya kanta, kuma ka gama ciniki da mai adaidaita kafin ka hau, ba sai kun isa ba. Gaya ita ta Hindu ce, can haikalin Vishnupad yake, wanda ba Hindu ba ba a barinsa ya shiga ciki.

Sai lokaci. Wanda ya je tsakanin Afrilu da Yuni zai sha mamaki, zafi yana haura digiri 40, kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na saba, domin a cikin haikalin Mahabodhi, wato babban wurin bautar Bodh Gaya, takalmi ake cirewa kuma daɓen dutse ne, da rana tsaka sai ka riƙa tsalle. Safa mai kauri tana taimakawa. Disamba da Janairu kuma cika ake yi maƙil, 'yan Tibet suna saukowa daga tsaunuka, in an ce Dalai Lama, jagoransu na addini, zai zo ya yi karatu to ɗaki ma sai wanda ya kama tun da wuri, ga sanyin dare ga hazo da ke sa jiragen ƙasa makara na awanni. Ni dai a ganina Nuwamba ko Fabrairu sun fi.

Wanda ya fi kama mutane shi ne maganar waya. Ba a shiga harabar haikalin Mahabodhi da wayar hannu, tun bayan bama-baman da suka tashi a wurin a Yulin 2013 aka tsaurara tsaro, akwai wurin ajiya kafin ƙofa, ka ba su su ba ka shaida. Sai ka ga mutum ya bi layi har gaban masu bincike an dawo da shi baya, ya sake bin wani layin. In hoto kake so ka zo da kyamara ta gaske, ana biyan ɗan kuɗi a shiga da ita, don haka ka riƙe canji a aljihu. Kuma tunda babu waya, in ku da yawa ne ku tsayar da wurin haɗuwa da lokaci tun a waje, sunan otal ɗinka ma rubuta shi a takarda, abin kamar wasa amma da yawanmu ko lambar matarmu ba mu haddace ba.

In ka shiga, ginin nan mai tsini da ya haura mita 50 shi zai fara ɗauke maka ido. Sarki Ashoka na tsohuwar Indiya ne ya fara gina wurin bauta a nan ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ake gani yanzu asalinsa na wajen ƙarni na 5 zuwa 6 ne, an yi masa babban gyara a shekarun 1880, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2002. Kewaya shi ake yi ginin yana hannun damanka, in ka bi ta ɗaya hannun za ka yi ta karo da mutane suna kallonka. Kaya su rufe kafaɗa da gwiwa, wannan mu ba matsalarmu ba ce. In za ka zauna kar ka miƙe ƙafa tana nuna mutum-mutumin Buddha ko bishiyar, naɗe ta. Mace kuma kar ta miƙa wa sufin addinin Buddha hannu ko ta taɓa shi, musamman na Thailand da Sri Lanka da Myanmar.

Bishiyar tana bayan ginin, dangin ɓaure ce da cediya, kuma ba ainihin ta zamanin Buddha ba ce, jikanyarta ce. Kar ka kuskura ka tsinki ganye. Tsaya ka gani, in iska ta kaɗo guda ɗaya sai ka ga dattijo ya yi wuf ya tsince shi ya sa cikin littafi. Gefe kuma ga 'yan Tibet kowa da dogon katakonsa, ya miƙe ya kwanta rub da ciki ya tashi ya sake, da ɗan tsumma a tafin hannu yana zamewa har katakon ya yi sulɓi yana ƙyalli, wasu dubu ɗari suke son cikawa. Kar ka tsallake katakon mutum, kar ka kafa masa kyamara a fuska. Ba wanda zai ce sai ka rusuna ko ka kunna turare, kai baƙo ne, kalli abinka ka yi shiru, musun addini da dariya ka bar su a waje. In lokacin salla ya yi akwai masallaci a garin ba nisa da haikalin.

Gaggawa ma kuskure ce. Wasu minti talatin sun fito wai sun gama, alhali a cikin harabar akwai wuraren da aka ce Buddha ya yi makonni bakwai, har da dogon dakalin da aka sassaƙa furanni a kai inda ya riƙa kai da komo, da tafkin Muchalinda. Ana buɗewa ƙarfe 5 na asuba a rufe 9 na dare, je da sassafe ka koma da magariba, wuri ɗaya ne amma ba za ka ce shi ba ne. Tsakiyar rana ka zaga gidajen bautar da Thailand da Bhutan da Japan suka gina kowa da salon ƙasarsa, da katon mutum-mutumin nan mai ƙafa 80 na 1989. Gidan adana kayan tarihi kuwa, inda wasu tsoffin shingayen dutsen haikalin suke, ba ya buɗewa ran Juma'a.

Masu roƙo suna da yawa, wasu har da rigar sufaye, wasu yara da takardar wai taimakon makaranta. In ka ba ɗaya goma za su biyo ka, kai ka san yadda za ka yi.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: manyan wuraren ziyarar mabiya Buddha guda huɗu ne, Bodh Gaya da Sarnath da Kushinagar suna Indiya, amma Lumbini inda aka haifi Buddha tana Nepal. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru ba a ba su bizar Nepal a bakin iyaka, sai ka nema tun kafin ka taso, kuma ka duba ko bizarka ta Indiya ta yarda ka fita ka dawo. Katin rigakafin shawara ma kar ka baro shi gida.

Abinci kuma kar ka ɗauka duk na ganye ne, a rumfunan 'yan Tibet ka tambayi naman da ke cikin momo (ƙullin fulawa mai haɗi a ciki) kafin ka ci, in kana shakka ka ce na kayan lambu. Litti chokha, abincin 'yan Bihar, babu nama a ciki, sannan da sanyi ana yin tilkut, riɗi ne da sukari aka daka, kamar kantu amma ya fi shi garɗi.